Saje Iliya da Gardamar Harsashi

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a gidan Saje Iliya a Deptford ya san ba a kai loma ta biyu sai Saje ya yanke wa miya hukunci. Zai ɗanɗana, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa sama kamar alƙali, sannan ya ce, "Talatin da takwas." Wato miyar ta yi, ba yabo ba fallasa. In yaji ya kama shi har ya fara jan hanci, sai ka ji ya ce wa matarsa, "Kai! Arba'in da biyar! Rahila, yau kin kayar da ni." In kuwa lami ce, sai ya ɗan ture kwano ya ce, "Ashirin da biyu. Wannan ko ɓera ba za ta tsayar ba."

Baƙo sai ya zaci maki yake bayarwa cikin ɗari. Ina! Lambobin harsashin ƙaramar bindiga ne. Saje ya yi fiye da shekara ashirin yana kula da ɗakin makamai na 'yan sanda a gida Najeriya, ya yi ritaya, ya zo London ya kama aikin tsaron ƙofa a wani ofis kusa da Charing Cross, inda makaminsa bai wuce damin makullai da lema ba. Amma harsashi bai fita daga kansa ba. Da shi yake auna komai na duniya. Mu fito daga coci a Peckham, kafin mu kai tashar bas ya ce, "Wa'azin yau mili tara ne. Ya shiga ta kunnen nan, ya fita ta wancan, bai taɓa komai ba a hanya."

Ga waɗanda suka zo wannan taron tunawa da shi amma ba su gane ni ba saboda furfura, ni ce Saratu, ƙanwar matarsa Rahila. Na zo ƙasar nan aikin jinya a farkon shekarun tamanin, na zauna a flat ɗinsu na council, wato gidan haya na hukuma a bene, shekara shida. Ranar da na sauka, ko akwati ban ajiye ba, ya dube ni sama da ƙasa, ya saurari surutuna na minti biyar, ya ce, "Rahila, wannan ƙanwar taki ashirin da biyu ce. Ƙara da yawa, nauyi babu."

Na ce, "Yaya Saje, ai gara ni. Kai gurnani da yawa, harbi babu."

Ya yi dariya har da buga cinya, don gaskiya na faɗa: duk shekarun da ya yi cikin bindigogi, bai taɓa ɗaga ɗaya a kan ɗan Adam ba. Sunan kuwa ya bi ni. Har na aurar da 'yata, Ashirin-da-biyu yake kirana.

Aƙidarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a biki ya sha ta. "Ba maganar kisa nake ba," in ji shi, "maganar tsayarwa nake. Mutum ya taso maka da sharri, wane harsashi ne zai sa ya fasa zuwa? Mili tara siriri ne, gudu gare shi kamar an aike shi. Arba'in da biyar kuwa ƙato ne, mai nauyi, a hankali yake tafiya kamar mai kuɗi. Yanzu kai, keke ya taho a guje, tirela ta taho a hankali, wanne ka fi so ya same ka?"

In ka ce ba ka son ko ɗaya, sai ya ce, "Ka ga matsalar farar hula ke nan."

Yana da lasin bindiga, ku tuna lokacin doka ta yarda. Bindiga biyu gare shi, tsohuwar arba'in da biyar da wata libarba talatin da takwas, a kulle cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaure da bango. Rahila ko makullin ba ta taɓa gani ba. Yana zuwa wani kulob na masu harbin allo da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, sau ɗaya a wata. Kuma don tsabar tsimi, harsashi shida kacal yake harbawa. Shida! Turawan kulob ɗin kan ce in Saje ya fara saiti, mutum zai iya zuwa ya haɗa shayi, ya sha, ya wanke kofi, ya dawo ya tarar bai taɓa kunama ba. Ya gama kuma ya durƙusa ya tsince kwansonsa ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a gwangwanin madara. Wata rana ɗaya ya gangara ƙarƙashin benci, sai da aka tsayar da kowa aka ɗaga bencin.

To, mutum irin wannan dole ya sami abokin gardama, kuma Allah ya haɗa shi da Alhaji Mumuni. Kun san shi, ga shi can a baya yana murmushi. Mutumin zangon Kumasi, mai shagon doya da manja da busasshen kifi a babban titin kasuwar Deptford. Alhaji bai taɓa riƙe bindiga ba a rayuwarsa. Wansa ne aka ce ya taɓa yin soja. Amma ranar da ya ji Saje yana kushe mili tara, ranar ya rantse mili tara ne sarkin harsasai, don kawai kada a wayi gari ya yarda da maganar ɗan Najeriya.

Kowace Asabar Saje zai ɗauki kujera ya zauna gefen buhunan gari, su fara.

"Saje, ka gani," in ji Alhaji da Hausarsa ta Ghana, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a wurinta, "allura ƙarami ne, amma ya shiga jiki. Taɓarya babba ne, amma bai shiga."

"Alhaji, kawo kanka in gwada maka taɓarya, mu ga ko za ka tsaya."

"Nawa yana ɗaukan harsashi da yawa a ciki."

"Ai dole! Wanda ya san maganarsa ba ta da nauyi shi ke maimaita ta sau goma sha biyar."

Haka suka kwashe shekaru, masu sayayya na jira da kwanduna. Sai wata shekara Saje ya ji a kulob cewa Turawa na gwada harsashi da tsofaffin littattafan lambar waya, waɗannan masu kauri kamar bulo. A jiƙa su sharkaf, a ɗaure su a jere, a harba, a ga yadda kowane harsashi ya yi aiki a ciki. Shi ke nan, Saje ya sami aikin yi. Ya bi benenmu ƙofa ƙofa, hawa takwas, yana roƙon tsofaffin littattafai. Ya tara wajen ashirin. Ni dai na dawo daga aiki da rana, na shiga banɗaki zan watsa ruwa, na tarar da bahon wanka cike da mutanen London tun daga A har Z, suna jiƙa.

Na ƙwala ihu, "Yaya Rahila! Zo ki ga mijinki!"

Ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu. "Baban Yohanna, mene ne wannan?"

Ya ce, "Bincike ne."

"A ina za mu yi wanka?"

"Kwana uku ne kawai. Da a ƙauye ba da bokiti kuke yi ba?"

Kwana uku muna wanka da bokiti a tsakiyar London. Ɗansu Yohanna, wanda aka haifa a nan, kullum a yi masa Hausa ya amsa da Turanci, ya tattara ya koma gidan abokinsa har aka gama.

Ranar gwaji, Saje ya yi booking, wato ya kama mana lokaci a kulob, ya nemi izini ya kawo baƙi biyu. Ni aka ɗora wa turin kayan, don ranar ba ni da aiki. Jama'a, jiƙaƙƙen littafin waya ya fi gawa nauyi! Muka zuba su a trolley ɗin cefane biyu, ruwa na ɗiga, muka nufi tashar bas. Direba ya dubi trolley, ya dubi layin ruwan da muka bari a titi, ya tambaya me ke ciki. Saje ya gyara tsayuwa ya ce littattafai ne. Direba ya ce me ya jiƙa su. Saje ya ce, "Ilimi ne, ɗana. Bai bushe ba tukuna."

A kulob aka jera littattafan gida biyu. Aka ba mu abin toshe kunne. Alhaji ya sa nasa, ya ƙara da tafin hannu a kai, ya rufe ido, ya juya baya, yana ta salati. Saje ya ari mili tara wurin wani Bature, ya yi saitinsa na shekara guda, ya harba. Ya ɗauki tasa, ya harba. Aka sauke bindigogi, mai kula da wurin ya ba da izini, muka je dubawa.

Mili tara ya yi nisa, ya huda littafi bayan littafi, ramin ɗan siriri. Arba'in da biyar bai kai nisansa ba, amma ramin da ya bari sai ka zura babban yatsa.

Alhaji ya daka tsalle. "Allahu akbar! Nawa ya wuce naka! Ka gani da idonka!"

Saje ya ce, "Ai abin da nake faɗa ke nan. Naka wucewa ya yi ko sallama babu, kamar ɗan haya. Nawa ya shiga, ya zauna, ya gai da mutanen gida."

"Kai ka harba nawa da rabin zuciya!"

"Alhaji, harsashi bai san zuciya ba."

Suka juya wurin Baturen da ke kula da wurin, wani tsoho mai gashin baki, suka ce ya raba gardama. Ya leƙa wannan rami, ya leƙa wancan, ya sosa kai, ya ce shi dai a iya ganinsa, littattafan nan duka a tsaye suke tun kafin a harbe su, don haka ba zai iya cewa wanne ya tsayar da su ba.

Muka dawo gida, kowa na cewa shi ya ci. Sai daga baya ɓarnar abin ta fito: Rahila ta tashi neman lambar likitan haƙori, ta duba ƙarƙashin tebur ɗin waya, babu littafin bana. Saje ya haɗa da shi. Na ce, "Yaya, likitan naki yana can an harbe shi da arba'in da biyar." Ranar Saje da kansa ya dafa wa kansa shayi.

Amma labarin da Deptford ba za ta manta ba shi ne na doya.

Wata Asabar ce da hantsi, kasuwa ta cika. Ni da Rahila muna ƙofar shagon Alhaji tana zaɓen doya, su biyun suna ciki suna sana'arsu ta gardama. Sai muka ji ihu. Wani ƙaton mutum ya fizge jakar wata tsohuwa 'yar Ghana da ke zuwa cocinmu, ya hankaɗe ta ta faɗi a kan gwiwa, ya taho a guje ta gabanmu. A cikin jakar nan akwai fasfo ɗinta da tikitin tafiya gida, washegari za ta tashi jana'izar ƙaninta.

Saje ya fito kamar an harbo shi, ya buɗe muryar fareti ya ce, "Kai! Tsaya nan!" Da Hausa! Ya manta a wace ƙasa yake. Ɓarawo ko waiwaye bai yi ba.

Rahila ta gyara tsayuwa. Doyar da ke hannunta, wata ƙatuwa mai kai kamar na jariri, ta ja da baya ta sake ta. Ku tuna mu 'yan dutse ne, da jifan birai a gonar masara muka girma. Doya ta tafi tana juyi a sama, ta sauka tsakanin kafaɗunsa, tim! Mutum ya tafi da fuska cikin tulin bokitan roba na wani mai tebur. Kafin ya gane gabas, Saje ya zauna a bayansa.

Abin da ya ba ni mamaki, da ya zauna ɗin bai zage shi ba, bai mare shi ba. Ya karɓe jakar, ya miƙo mini, ya ce a kawo wa mutumin ruwa. Ina ji yana ce masa da Turancinsa na barikin 'yan sanda, "Ka gode wa Allah doya ce. Gobe za ka tashi da ciwon baya kawai." Ya riƙe shi a haka har 'yan sanda suka zo. Tsohuwa ta rungume Rahila tana kuka, ta sa mata albarka da harshe uku.

Ana watsewa, sai ga Saje ya tsinto doyar, ya kakkaɓe ta, ya ɗora a sikelin Alhaji. Ya duba, ya juyo fuskarsa na sheƙi.

"Alhaji, kilo uku da ɗoriya. Mai nauyi, mai faɗi, mai tafiya a hankali. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

Alhaji ya ce, "A hankali? Saje, ka ji tsoron Allah! Matarka ya jefa shi da gudu! Gudu ne ya yi aikin!"

Rahila ta karɓe doyarta daga sikeli ta ce, "Ku biyun nan kun fi shekara goma kuna tsayar da mutane da baki. Ni na tsayar da ɗaya. A ba ni hanya, ina da girki."

Da yamma wani ɗan sanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce an aiko shi ya ɗauki bayani, kuma in ba damuwa yana son ganin abin da aka yi jifan da shi. Saje ya dubi teburin cin abinci, ya dubi ɗan sanda, ya share bakinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka makara. Shaidar taku mun yi sakwara da ita. Amma akwai saura, in za ka wanke hannu."

Wallahi ya zauna ya ci.

A ƙarshen shekarun casa'in, bayan wani mummunan harbi da aka yi a wata makaranta, wanda ya girgiza ƙasar nan duka, gwamnati ta ce kowa ya miƙa ƙaramar bindigarsa. 'Yan kulob suka yi ta gunaguni. Mun zaci Saje zai fi kowa tayar da jijiyar wuya. Ko kaɗan. Ya kashe talabijin ya ce, "In wannan zai sa uwa ɗaya ta yi barci, su karɓa."

Amma fa sai da ya yi kwana uku yana goge su. Na ce, "Yaya Saje, abin da za a karɓe, me ya kai ka wahalar gogewa?"

Ya ce, "Ashirin-da-biyu, in za ki kai 'yarki gidan miji, da datti za ki kai ta?"

Ya ce Rahila ta raka shi, ta ce, "Ban raka su shigowa ba, ba zan raka su fita ba." Don haka ni na bi shi. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya naɗe kowace a ƙyallen atamfa, ya kulle a jaka, muka tafi ofishin 'yan sanda a ranar da suka ba shi. Wata 'yar sanda muka samu, mai fara'a. Ya kwance ƙyalle, ya nuna mata babu komai a ciki, ya miƙa da hannu biyu. Sannan ya fara ba ta umarni: a riƙa shafa mai duk wata, kada a ajiye a wuri mai danshi, ita babbar tana da ɗan taurin kai in an daɗe ba a taɓa ta ba.

Ta bari ya gama, sannan ta ce masa a hankali, narkar da su za a yi.

Saje ya dubi bindigoginsa biyun. Can ya ce, "Me za a ƙera da ƙarfen?"

Ta ce ba ta sani ba, wataƙila cokula, ta faɗa tana murmushi don ta sassauta masa.

Ya nuna babbar ya ce, "To ki rubuta a takarda. Wannan ludayi za a yi da ita. Ba ƙarfen ƙaramin cokali ba ce."

A hanyar dawowa muka hau saman bas, muka zauna gaba. Muka wuce tasha huɗu. Sai ya ce, "Saratu." Ranar ce kaɗai na ji sunana na gaskiya a bakinsa. "Kin san aikina a can gida? Da safe in ƙirga harsashi in ba yaran da za su fita aiki. Da yamma su dawo da shi in sake ƙirgawa. Ranar da ya dawo cif, ba wanda ya ɓace, ranar nake cin tuwo da daɗi, don na san ba a yi kuka a gidan kowa ba. Ranar da ya dawo da giɓi, ko ɗaya ne, sai in kasa haɗiye ruwa. Da hannuna na ba da shi."

Ya dubi titi ta taga, ya ƙara da cewa, "Yau na mayar da nawa cif."

Daga nan ya ce yunwa yake ji, muka sauka Peckham ya saya mana tsire, ya yi ta faɗa da mai tsiren a kan yankan ya yi ƙanana.

Shekara biyu bayan haka ya rasu, ranar Lahadi da rana, a kan kujerarsa, bayan an dawo daga coci an ci abinci. Rahila ta zaci gyangyaɗi yake, har ta lulluɓa masa bargo.

Ranar jana'iza Alhaji Mumuni ya rufe shagonsa, abin da ko ranar sallah ba ya yi sai rabin yini. Ya zo coci da babbar rigarsa, ya zauna a bencin ƙarshe. Bayan an fito ya kira ni gefe, ya faɗa mini abin da ko Rahila ba ta sani ba. Ashe duk watan azumi, shekara goma sha biyar, in Saje ya taso daga aiki ba gida yake fara zuwa ba. Shago yake biyawa, ya tsaya a kan kanta yana sallamar masu sayayya, don Alhaji ya samu ya sha ruwa ya yi sallar magariba a natse. Mu kuwa kullum ce mana yake tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ne ya yi latti.

Alhaji ya ce, "Ko sau ɗaya bai bari na gode masa ba." Ya sa hannun riga ya share ido.

Ya Ubangiji, ga bawanka Iliya. Ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutu a wurinka, inda babu tsoro, babu kuka. Ka riƙe Rahila da Yohanna, ka ƙara wa Alhaji lafiya da tsawon rai. Mu da muka rage, ka sa mu rabu da duniya hannunmu bai cuci kowa ba. Amin.